Ina Koyar da Kayan Cikin Kwamfuta, Ban Taɓa Buɗe Ta Ba

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Garwa ta ƙasar Kamaru. Lissafi na karanta, rashin malami ne ya sa aka ɗora mini darasin kwamfuta na 'yan aji ɗaya da aji biyu. Yanzu mun iso babin kayan cikin kwamfuta, ni kuwa wallahi ban taɓa ganin cikinta da idona ba, abin da ke littafi nake zanawa a allo yara su kwafa. Makon jiya wani yaro, wanda yayansa ke gyaran waya a kasuwa, ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, kin ce ba a rubutu a cikin ROM, to me ya sa a kwalin wayar yayana aka rubuta ROM giga 64, kuma a ciki yake ajiye hotuna?" Na rasa amsa, aji ya ɗauki dariya, na hasala na ce ya fita waje ya durƙusa. Tun ranar ban sami barci mai daɗi ba. Yara 84 ne a ajin, babu kwamfuta mai aiki sai ta ofis. Akwai wasu shida matattu a sito, ƙura ta rufe su, amma shugaban makaranta ya ce kayan hukuma ne, ba a taɓawa. Ina tunanin in roƙa a mayar da ni lissafi kawai. Me kake gani?

Wata malama daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika faɗi abin yadda ya faru, har da durƙuson, ba ki ɓoye naki ba. Da yaron zan fara, don shi ya fi tsaya mini a rai.

Yaron nan yana da gaskiya, ke ma abin da kika karantar ba ƙarya ba ne. ROM ta asali, wadda littafinku na Faransanci ke kira matacciyar ma'adana, tun a masana'anta ake rubuta abin da ke cikinta, daga nan sai dai karantawa. Abin da ke cikin waya kuwa wani iri ne da ake kira filash, irin wanda ke cikin katin memori da 'yar ma'adanar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro shi a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Ana rubutu a kansa, ana gogewa, kuma ko an ɗauke wuta ba ya mantuwa. Daga zuriyar ROM ya fito, shi ya sa masu ƙera waya suka bar masa sunan kakarsa a jikin kwali. Yaron ya ga littafi ya faɗi wani abu, kasuwa ta faɗi wani, ya kasa haƙuri sai ya tambaya. Irin wannan ɗalibin malami ke roƙon Allah ya ba shi.

Don haka darasi na gaba, kafin ki ɗauki alli, ki kira sunansa a gaban kowa. Ki ce tambayarsa mai kyau ce, ranar ba ki da amsa, kin je kin nemo, ga ta. Ki ƙara da cewa durƙuson da kika sa shi ba ki kyauta ba. Na san nauyin wannan a bakin malami, amma na daɗe a aji, kuma ban taɓa ganin wanda girmansa ya zube don ya ce "ban sani ba, zan bincika." Abin da yara ke riƙewa har su girma shi ne ranar da aka hukunta su don sun yi tambaya. Sauran 83 ɗin ma sun ɗauki darasi a ranar, sun koyi cewa ɗaga hannu jawo wa kai wahala ne. Wannan darasin ne nake so ki goge da bakinki, tun bai zauna ba.

Batun komawa lissafi kuwa, ki dakata. Ciwonki ƙarami ne, hannunki ne bai taɓa abin ba, kuma Asabar biyu sun isa magani. Ki nemi mai gyaran kwamfuta, ba su da wuyar samu a babbar kasuwa da wajen Yelwa da shagunan da ake buga takardu. In zuwa ke kaɗai zai yi miki nauyi, maigidanki ko ƙanenki ya raka ki. Ki gaya wa mai shagon gaskiya, cewa ke malama ce, kin zo koyo, ya buɗe miki guda ɗaya ya nuna miki komai da sunansa, sannan ya ba ki sukudireba ki kwance ki mayar da hannunki. Ki biya shi lokacinsa, ko da bai nema ba. Ki kuma tambaye shi matattun kayan da ke jibge a ƙarƙashin teburinsa. Wasu zai ba ki kyauta, wasu sai kin ɗan sa kuɗi, don masu sayen tsofaffin ƙarafa ma suna nemansu. Yayan yaron nan ma kada ki manta da shi. Waya kwamfuta ce, duk abin da ke cikin babbar yana cikin ƙaramar, an dai matse su ne wuri guda. Ranar da ya zo ajinki da buɗaɗɗiyar waya a hannu, abin da ya shiga tsakaninki da ƙanensa ya wuce har abada.

Shugaban makarantarku kuma kada ki ɗauke shi mugu. Tsoro yake ji, don duk abin da ke sito da sa hannunsa aka karɓa, in an zo ƙidaya aka ga babu, shi za a tuhuma. To ki cire masa tsoron. Ki rubuta takarda, ki jera kwamfutocin shida, kowace da lambar da ke manne a bayanta, ki ce guda biyu kike nema, waɗanda suka fi lalacewa, a cikin makaranta za a yi aikin, kuma za su koma sito a haɗe kamar yadda aka ɗauko su. Ki sa hannu, shi ma ya sa. In ya ƙi duk da haka, kada ki yi jayayya, ki yi aiki da na kasuwa, ki gayyace shi ya leƙo ajin. Sau da yawa gani ne ke korar ji.

Kafin yaro ko ɗaya ya taɓa komai, akwai abin da ba na so ki yi wasa da shi. A kusurwar akwatin kwamfuta akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka, wanda wayoyi masu launi ke fitowa daga cikinsa tamkar jijiyoyi. Shi ne akwatin wuta. Ana cire shi ɗungurungum, ana ɗaga shi, ana nuna shi, amma ba a buɗe shi. A cikinsa akwai wasu 'yan gwangwanaye masu tara wuta, suna iya riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Ina sabon shiga na taɓa buɗe ɗaya, na ɗauka tun da na zare waya ai shi ke nan, yatsana ya gogi ƙasan allonsa. Hannuna ya kwana biyu yana tsami har kafaɗa, kuma na gode Allah da abin ya tsaya nan. Haka ma tsohon gilashin kwamfuta mai ƙaton ƙeya irin na talabijin ɗin da, wutar da yake tarawa ta fi wancan haɗari nesa ba kusa ba, ko kusa da notinsa kada a je. Batirin kwamfutar hannu in ya kumbura, ba ya shiga aji, ba a huda shi, ba a matsa shi. Kullum a zare waya daga bango kafin a buɗe murfi. Gefen ƙarfen akwatin yana yanka, ki faɗa musu. Kuma a wanke hannu bayan darasi, don tsofaffin allunan nan da dalma aka liƙe su, shi ya sa ba a ƙona su, ba a kai su baki.

Akwai kuma haɗarin da ke tafiya ta ɗaya ɓarin, daga jikin mutum zuwa na'ura. Kin san lokacin hunturu, in kika cire mayafin roba cikin duhu, kikan ji ƙas-ƙas har ki ga ɗan tartsatsi? Wutar da jiki ya tara ce, kuma busasshiyar iskarmu ta Disamba da Janairu tana ƙara ta ƙwarai. Jiki ba ya ma jin ta sai ta kai dubban bolt, alhali kaɗan daga ciki ya isa ya kashe RAM, ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta. Maganin mai sauƙi ne. A fara dafa ƙarfen akwatin, sannan a riƙe kowane abu ta gefe-gefe, ba ta wajen zinariyar bakinsa ba. Ko da matattun kaya kuke aiki, ki sa su saba, don wata rana mai rai za su riƙe.

To yanzu darasin kansa. Littafi yakan jero sunaye goma a shafi ɗaya, yaro ya haddace ya manta. Ni da za ki bi tawa, ki bi sawun wuta. Ki fara daga abin da duk ɗan Garwa ya sani, madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama ginawa a 1982. Ruwa ya juya injin, wuta ta biyo turaku ta iso bangon ofis da ƙarfin bolt 220. Wannan ƙarfin da zai shiga kwamfuta kai tsaye, da toka za a kwasa. Akwatin wuta ne ke karya shi ya raba: wayar ruwan ɗorawa bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuwa ita ce hanyar komawa. Ki sa yara su bi wayoyin da yatsa su ga inda kowace ta nufa. Mafi kauri, mai baki 24, ko 20 in tsohuwa ce sosai, za ta kai su kan babban fallen nan, galibi kore, wanda a nan ake kira kart-mer, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce madabod. Duka biyun dai uwa ake nufi, kuma sunan ya dace, don kowa a jikinta yake rataye. Su ɗaga ta a rana su ga siraran layukan tagulla da ke kwance a kanta. Hanyoyi ne, ta nan saƙo ke kai-komo tsakanin kaya.

A tsakiyarta za su ga fanka zaune a kan wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi. In na canka daidai, ta sitonku za ki tarar ƙura ta toshe haƙoran har ta zama kamar bargo. Kada ki share kafin su gani. Ki tambaye su abin da zai sami mutum in aka lulluɓe shi da bargo a zafin Garwa na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Su da kansu za su gaya miki abin da ya sa kwamfuta ke mutuwa tana tsakiyar aiki. In aka ɗaga ƙarfen, ga furosesa nan a ƙasa, bai kai faɗin tafin hannun yaro ba, da busasshen maiƙo mai launin toka a bayansa wanda ke miƙa zafi ga ƙarfen. A kusurwarsa ɗaya akwai ɗan alamar kusurwa uku, ita ke nuna yadda yake zama a gurbinsa. Ba a tura shi da ƙarfi, ajiye shi ake yi ya zauna da kansa.

Kowa yakan ce furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ba na son a tsaya nan, don yaro sai ya ɗauka tunani yake yi. Ke malamar lissafi ce, kin fi kowa dacewa ki gaya musu gaskiyar: ƙidaya yake yi, da tarawa, da gwada wannan da wancan, da sifili da ɗaya kawai, sai dai yana yi sau biliyoyi a daƙiƙa guda. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ake kira taransisto, kowane ko a kunne ko a kashe. Furosesan farko da kamfanin Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, taransisto 2,300 gare shi. Na cikin wayoyin yau suna da biliyoyi. Ki rubuta lambobin biyu a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ki bar su su ƙirga sifilan.

Inda yara suka fi ruɗewa shi ne tsakanin RAM da faifan ajiya, don duka biyun "memuwar" suke ji ana cewa. A nan ki ɗauko abin da kusan dukkansu suka taso da shi, makarantar allo. Abin da ɗalibi ke karantawa yanzu yana kan allonsa, a kan cinyarsa, ido na kai. In ya gama sai a wanke, a rubuta na gaba. Littafin da ake kwafowa daga ciki kuwa yana cikin gafaka, ko an shekara ba a buɗe ba rubutunsa na nan. RAM ita ce allon, da an ɗauke wuta ta wanke kanta. Faifan ajiya shi ne abin da ke cikin gafaka. Mai babban allo yana ɗaukar karatu da yawa a zama ɗaya, mai ƙarami kuwa kullum yana wanki yana komawa gafaka, shi ya sa na'ura mai ƙaramar RAM ke nawa. Daga nan sai ki dawo kan kwalin wayar nan, inda akan rubuta lambobi biyu, misali giga 4 da giga 64, ki tambayi yaron wanne ne allo, wanne ne gafaka. Ki bar shi ya amsa a gaban 'yan'uwansa.

Amma misali ɗan rakiya ne, kada ya daɗe. Ki miƙa musu RAM ɗin su riƙe. A bakinta akwai wata 'yar tsaga, ba a tsakiya take ba, don kada a sa ta a juye. In kin samo iri biyu a kasuwa, DDR2 da DDR3, kin sami abin wasa mai kyau: tsawonsu ɗaya, kowace haƙora 240, amma tsagar ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Ki ba su ba tare da bayani ba, su gano dalili da kansu.

Faifan ajiya kuwa, ki samo matacce daga kasuwa, ba na sito ba, ki sa mai gyara ya buɗe miki, don notinsa masu kan tauraro ne, kuma akan ɓoye ɗaya a ƙarƙashin takardar da ke manne a murfi. Ban taɓa ganin ajin da bai yi tsit ba idan aka ɗaga murfin nan. Faifai ne mai sheƙi kamar madubi, da ɗan hannu siriri a samansa. A kwamfutar tebur yakan juya sau 7,200 a minti, ki sa su raba da 60 su ga sau 120 ke nan a daƙiƙa. Kan hannun ba ya taɓa faifan, shawagi yake a samansa, kuma tazarar ba ta kai ƙwayar ƙura ba, shi ya sa wanda aka buɗe ya gama aiki, shi ya sa kuma ba a jijjiga kwamfuta tana kunne. Irinsa na farko, wanda IBM ya fitar a 1956, faifai 50 ne a jere, kowane ya kai faɗin babban tire, kuma abin da yake ɗauka duka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Ki ba su aikin gida: in hoto ɗaya mega 4 ne, hoto nawa giga 64 zai ɗauka? Sababbin kwamfutoci SSD suke zuwa da shi, babu abin da ke juyawa a ciki, filash ne zalla, ɗan'uwan na cikin waya. A kula da maganaɗisun da ke cikin tsohon faifan, yana da ƙarfin da zai matse fata.

Yara 84 ba za su taru a kan akwati ɗaya ba, na gaba ne kawai za su gani. Ki kasa su bakwai-bakwai, rukuni 12 ke nan. Ki kwance kayan tun kafin darasi, kowane ki manna masa lamba, ki ɗora a faranti. Kowane rukuni ya karɓi faranti ɗaya na minti biyar, su zana abin, su kwafi rubutun da ke jikinsa, su yi hasashen inda yake shiga, sannan faranti ya wuce gaba. In ajin ya yi duhu ku fita gindin darbejiya da tabarmi. Sunan Faransanci a rubuta shi a ƙarƙashin kowane zane, don da shi za a tambaye su a jarrabawar BEPC, amma bayanin ki yi shi da duk harshen da zai shiga, Hausa ko Fulatanci. Ki sa ido a kan sukudireba. In kika yi sake, maza uku ko huɗu ne za su riƙe ta har shekara ta ƙare, 'yan mata na baya suna rubuta abin da aka gani. Ki miƙa ta hannun yarinya da kanki, tun a ranar farko. Ke ma ganinki da ita a hannu wani karatu ne gare su. Kafin a kaɗa ƙararrawa a ƙirga kaya. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe wa kwamfuta agogo tana kashe, shi kam a jakarki zai zauna, don in ya bi wani yaro gida ƙaramin ƙane ya haɗiye, abin asibiti ne na gaggawa.

Gwajin ƙarshen babi kuma kada ya tsaya a takarda. Ki ajiye akwati wayam da faranti, rukuni ya zo ya mayar da komai gurbinsa yana faɗin suna da aiki.

Abu na ƙarshe, ban yi miki alkawari ba, amma ba duk kwamfutar da aka ce ta mutu ce ta mutu ba. Wata ƙura ce ta shaƙe ta. Wata RAM ce ta ɗan ɗaga daga gurbinta, in aka zare aka goge bakinta a hankali da robar goge fensir aka mayar, sai ta tashi. Wata akwatin wutarta ne kawai ya ƙone, na 'yar'uwarta kuwa lafiyarsa lau. In shugabanku ya yarda, ki kawo mai gyaran nan ya duba shidan gaba ɗaya, a rubuta duk abin da aka ɗauka daga wata aka sa wa wata. In ɗaya ta tashi, ki kashe ta, ki zare waya, ki cire RAM ɗin a gaban yara, sannan ki kunna. Fanka za ta juya, gilashi ya tsaya baƙi, galibi kuma za ta yi ta ƙara tana kukan abin da aka ɗauke mata. Ki sake kashewa, ki kira yaron nan ya mayar da ita da hannunsa.

Ki rubuto mini bayan kin buɗe ta farko, ki gaya mini abin da aka rubuta a bayan furosesan da irin RAM ɗin da kika tarar, sai in faɗa miki abin da za a iya yi da su. Allah ya dafa miki, ya sa albarka a karatun yaran.